Tarihin FAT, tsarin ajiyar da kwamfutoci suka haɗu a kansa

Kowace babbar manhajar sarrafa kwamfuta tana da yadda take jera bayanai a kan faifai: inda fayil ya fara, inda ya ƙare, da sunan da aka ba shi. Windows tana amfani da NTFS tun 1993, kwamfutocin Apple sun bi dangin HFS daga 1985 har suka koma APFS a 2017, Linux kuma tana da dangin ext. Ba a yi ɗayansu don ya fahimci ɗan'uwansa ba. Abin da ya haɗa su shi ne wani tsohon tsari mai suna FAT.

Marc McDonald na kamfanin Microsoft ne ya ƙirƙiro shi a 1977. A 1980 Tim Paterson ya faɗaɗa shi cikin 86-DOS, wadda Microsoft ta saya ta mayar da ita MS-DOS a 1981. Tsari ne mai sauƙi ƙwarai: jadawali ɗaya a farkon faifai yana nuna inda kowane yanki na fayil yake. Sunan fayil ba ya wuce haruffa 8, sai 3 bayan ɗigo, har sai da Windows 95 ta ba da damar dogayen sunaye.

A zamanin fulofi, wahalar ta wuce ta tsari kawai. Na'urar Macintosh ta farko tana sauya gudun juyin faifai, ta PC ba ta yi, don haka faifan wannan ba ya karantuwa a waccan ko kaɗan. Sai a 1988 Apple ta fito da SuperDrive mai karanta faifan 1.44MB na PC.

Sabon nau'in FAT mai suna FAT32 ya zo a 1996. Da filas ɗin USB suka shigo kasuwa a 2000, masu ƙera su suka zaɓi FAT, domin kusan babu kwamfutar da ba ta san shi ba. Kyamara da waya da rediyon mota duk suka bi sahu, ya zama tamkar harshen kasuwa da kowa yake ji. Memorin da ake tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a shagunan Kano ko Maradi galibi a wannan tsarin yake, shi ya sa yake buɗewa a ƙaramar waya da babba.

Amma FAT32 yana da rauni. Ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai 4GB, ko da filas ɗin fanko ne. Kuma ba ya rubuta bayanin aikin da yake cikin yi, don haka idan aka fizge filas ana tsakiyar kwafi, jadawalin yakan lalace, fayiloli su ɓace.

Microsoft ta fitar da exFAT a 2006 don cire iyakar girman, aka ɗora katunan SDXC a kansa a 2009, Mac ta karɓe shi a 2010. Sai dai haƙƙin mallaka ya tsare hanya. A 2009 ɗin ma Microsoft ta kai kamfanin TomTom kotu kan FAT. Masu Linux suka daɗe suna lallaɓawa da ƙarin manhajoji, kuma wannan jinkiri bai amfani mai kwamfuta da komai ba. A watan Agustan 2019 Microsoft ta wallafa bayanin exFAT a fili, ya shiga Linux 5.4 a ƙarshen shekarar.

Har yau Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Duk filas ɗin da zai yi yawo tsakanin Windows da Mac da Linux, exFAT ne ya fi dacewa da shi.