Daga Make zuwa Gradle: tarihin maginan manhaja da ƙofar da Hausa ke shiga ta cikinsu

1. Gabatarwa

Wanda ya sayi salula a kasuwar Tawa, ya koma da ita Bambeye, ya buɗe wata manhaja ya iske rubutun Hausa a cikinta, ba ya tambayar ta wace hanya rubutun ya shigo. Mu ma masu nazarin harshe ba mu cika tambaya ba. Mukan tattauna kalmar da mai fassara ya zaɓa, ko ta dace ko ba ta dace ba, amma ba mu duba matakin da ke tsakanin teburinsa da hannun mai saye. Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan mataki, domin a nuna cewa a nan ne ake yanke hukuncin ko harshe zai shiga cikin manhaja, da kuma wace irin Hausa za ta shiga.

Tilas ne mu fara daidaita kalmomi. Manhaja (logiciel) ana rubuta ta ne cikin fayiloli da yawa waɗanda mutum ke iya karantawa. Su za mu kira rubutun tushe. Kafin na'ura ta yi aiki da su sai an juya su zuwa harshenta (compilation), a haɗa ɓangarorin, a ɗaure su ƙunshi guda wanda za a raba wa jama'a. Manhajar da ke tafiyar da waɗannan ayyuka bi da bi, ba tare da mutum ya sa hannu a kowane mataki ba, ita muke kira magini. Mun zaɓi ɓangare a madadin module. Da gaɓa ta fi dacewa, to amma ilimin tsarin sauti ya riga mu kama ta.

2. Make: 1976

Magini na farko da ya yaɗu shi ne Make, wanda Stuart Feldman ya rubuta a watan Afrilu na 1976 a ɗakunan bincike na Bell, a Amurka, inda aka ƙirƙiro Unix. Feldman da kansa ya ba da labarin dalili. Abokin aikinsa Steve Johnson ya ɓata safiya guda yana neman kuskure a cikin wata manhaja, alhali an riga an gyara kuskuren. Fayil ɗin da aka gyara ne ba a sake juyawa ba, na'ura tana ta aiki da tsohon. Matsalar ke nan tun asali: mantuwa. Idan fayiloli sun kai hamsin, babu wanda zai riƙe a ka wane ne ya dogara da wane.

Maganin da Feldman ya kawo mai sauƙi ne. Ana rubuta wani fayil dabam, Makefile, mai ɗauke da ƙa'idoji. Kowace ƙa'ida tana faɗin abu uku: abin da ake son samarwa, abubuwan da ya dogara da su, da umarnin da za a bayar don samar da shi. Make yana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil na ƙarshe. In wani abin dogaro ya fi abin da aka samar sabunta, sai a sake gina wannan, da duk abin da ke bisansa. Sauran a bar su yadda suke. An buga bayanin wannan tsari a 1979 cikin mujallar Software: Practice and Experience, kuma ƙungiyar ACM ta ba Feldman lambar yabo saboda shi a 2003.

Wanda ya karanta Tesnière (1959) zai ga kamar ya san wannan zane: dangantakar dogaro, wani a sama wani a ƙasa. Sai dai akwai bambanci. A zanen Tesnière kowace kalma shugaba guda take da shi, amma a Make fayil ɗaya yana iya zama madogarar fayiloli ashirin, shi ya sa ƙaramin gyara kan jawo babban gini.

Akwai wani abu a tarihin Make da ya kamata ya ja hankalin duk wanda ya taɓa zama a taron daidaita rubutu. Layin umarni a Makefile dole ya fara da alamar tazara ta tabulation, ba da fili na yau da kullum ba, ga shi kuwa ido ba ya bambanta su a takarda ko a allo. Feldman ya amsa cewa zaɓin ba mai kyau ba ne, amma kafin ya farga mutane kamar goma sha biyu sun riga sun rubuta fayilolinsu a haka, bai so ya ɓata musu aiki. Kusan shekara hamsin ke nan ɗalibai na tuntuɓe a wannan wuri.

3. Lokacin da ɓangarori suka yi yawa

Abin da ya biyo baya za mu taƙaita shi. Richard Stallman da Roland McGrath sun rubuta GNU Make a ƙarshen shekarun 1980. David MacKenzie ya fara Autoconf a 1991, don manhaja ɗaya ta ginu a kan na'urori iri-iri, Automake ya biyo a 1994. Babbar wahala ta ɓullo ne da ayyuka suka rabu gida-gida, kowane ɓangare da nasa Makefile. A 1997 Peter Miller, wani masani ɗan Ostireliya, ya nuna illar wannan al'ada: kowane Makefile yanki kawai yake gani na zanen dogaro, don haka ko dai a gina abin da ba ya bukatar gini, ko a tsallake abin da ke bukata. Shawararsa ita ce zanen ya zama guda, ko da ɓangarorin sun kai ɗari.

Masu aiki da harshen Java sun bi wata hanya. James Duncan Davidson ya fitar da Ant a 2000, shekarar da kamfanin Kitware ya fara CMake. Maven, wanda Jason van Zyl ya assasa, ya kai fitowa ta 1.0 a 2004, ya kuma sauya abu biyu. Na farko, babban fayil pom.xml yana lissafa ɓangarorin aikin, Maven ya jera su da kansa bisa dogaronsu, ya juya su, ya ɗaure kowane. Na biyu, ɓangarorin da wasu mutane suka rubuta ba a ajiye su cikin aikin. Sunansu da lambarsu kawai ake rubutawa, magini ya jawo su daga wani rumbu a intanet. A Turai an ɗauki wannan a matsayin sauƙi. Ɗalibin da ke Jami'ar Tawa, mai sayen intanet da awo, ya san cewa ginin farko na iya cinye kuɗin abincinsa, wannan kuwa ba a rubuta shi cikin littattafan koyarwa. Gradle ya kai 1.0 a 2012, a 2013 Google ya ɗauke shi a matsayin maginin manhajojin Android. Ta hannunsa ne mafi yawan abin da ke cikin salular mutumin Bambeye ya biyo.

4. Ƙofar Hausa

A wajen magini, fassara ɓangare ce kamar sauran ɓangarori. A tsarin GNU gettext, wanda ya fito a 1995, ana tsamo dukan jimlolin da manhaja ke nunawa a tara su wuri guda. Mai fassarar Hausa ya cika fayil mai suna ha.po, sannan msgfmt ya juya shi zuwa ha.mo, wanda na'ura ke karantawa. Akwai kuma wani ɗan fayil, LINGUAS, inda ake jera lambobin harsuna. In ba a rubuta haruffan nan biyu, ha, a cikinsa ba, magini zai wuce ta kan fassarar ko da an shekara ana yin ta, kuma ba zai yi ƙorafi ba. A Android kuwa jimlolin suna zama cikin jaka mai suna values-ha.

Tsarin biyu duka sun tanadi bambancin ƙasa: ana iya samar da ha_NE ko values-ha-rNE domin Nijar. Idan babu, na'ura ta koma ga ha tsura. Idan ita ma babu, sai harshen tushe, wanda galibi Ingilishi ne, sai fa in mai na'urar ya jera Faransanci a matsayin zaɓi na biyu, abin da Android ya ba da dama tun 2016. Ma'ajiyar CLDR ta ƙungiyar Unicode ta san ha_NE, ha_NG da ha_GH. Amma sanin lamba dabam, cika jaka dabam. Abin da ake zubawa cikin ha, a mafi yawan lokuta, daidaitacciyar Hausar Nijeriya ce, mai tushe a Kananci da aron Ingilishi.

Ba muna cewa wannan laifi ba ne. Masu fassara sun rubuta Hausar da suka sani. Tambayar ita ce me za mu zuba cikin tamu jaka. Dokar ma'aikatar ilimi mai lamba 212 ta 1999 ta tsayar da ƴ a rubutun Nijar, inda Nijeriya ke rubuta 'y, wannan kam na'ura na iya sauya shi da ƙa'ida guda a lokacin gini. Kalmomi ba su sauyuwa haka: salula da waya, mushe da malamin makaranta, sai mutum ya zauna ya zaɓa. Adaranci kuma, wanda Bernard Caron ya siffanta a Le haoussa de l'Ader (1991), inda ake cewa hwari a wurin fari, ba shi da lamba tasa. A ganinmu ba ya bukatarta a fuskar salula. Abin da yake bukata shi ne a san da shi yayin zaɓen kalma, kada a ɗauki wadda mutumin Adar ba zai gane ba alhali akwai wadda kowa ya sani.

5. Ƙamusoshinmu

Matsalar Johnson ta taɓa samun mu. Mun tattara kalmomin noma da kiwo a Bambeye da ƙauyukan kewaye, muka shirya ƙaramin kundi mai sashe biyu, Hausa zuwa Faransanci da Faransanci zuwa Hausa. Bayan komawa wurin dattawan da suka ba mu kalmomin, muka gyara ma'anoni da dama a sashe na farko. Sashe na biyu, wanda da hannu muka ciro shi daga na farko, muka manta da shi. Haka aka buga, sassan biyu suna musun juna, wani ɗalibi ne ya nuna mana a aji.

Aikin DiLAF, wanda Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot suka jagoranta tare da masana harshe na Nijar a farkon shekarun 2010, ya nuna girman abin a matakin ƙasa. Ƙamus ɗin Hausa da Faransanci na shirin Soutéba (2008), mai kalmomi fiye da 7,000, an shirya shi ne domin bugawa. Kafin a ɗora shi a intanet sai da aka juya fayilolinsa zuwa XML, aka sanya wa kowane yanki alama, wannan kalma ce, wannan ajinta, wannan misali, aka kuma mayar da haruffa masu ƙugiya ga lambobinsu na Unicode. Wato an yi tafiyar magini da baya, daga abin da aka samar zuwa tushe.

Da zarar tushe ya samu, sauran aikin na Makefile ne mai layi kaɗan: ƙa'ida ɗaya ta fitar da sashen Hausa zuwa Faransanci, ta biyu ta juya shi, ta uku ta fitar da jerin kalmomi domin manhajar duba rubutu, ta huɗu ta sauya ƴ zuwa 'y domin masu karatu na Kano da Sakkwato. Kundin Bambeye yanzu haka muke sake shirya shi, kuma abin da ya fi cin lokaci shi ne rarrabe inda ma'ana ta ƙare da inda misali ya fara a cikin tsohon fayil, domin a wancan lokaci da rubutun gicciye kawai muka bambanta su.