Suna da Lamba: Tarihin Shaidar Rubuce-rubuce a kan Harsunan Ƙasar Gaya

Garin Gaya, cikin jahar Doso, yana bakin kogin Kwara ne, daura da Malanbil ta ƙasar Benin, kuma ba shi da nisa da Kamba ta Najeriya. Ana jin Dendanci da Zabarmanci da Hausa a kasuwarsa, akwai kuma Kyangawa, waɗanda ake lissafa harshensu cikin dangin Mande. Duk mai neman abin da aka rubuta a kan waɗannan harsuna, wahalar da zai fara gamuwa da ita ta suna ce.

Dalili kuwa shi ne, marubutan Faransanci sun rubuta Tienga ko Tchanga, na Ingilishi suka rubuta Kyanga ko Kenga, alhali jama'a ɗaya ake nufi. Haka nan sunan Dendi, akwai wani harshe dabam mai amsa shi a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wanda ba su haɗa dangi da na nan ba. Ita kanta Gaya tana da takwara a jihar Kano. Saboda haka aiki ɗaya yakan warwatsu ƙarƙashin sunaye uku a kundin laburare, ayyuka biyu kuma su cakuɗe ƙarƙashin suna guda.

Maganin da duniya ta samo shi ne lamba, wadda ba ta sakewa ko da suna ya sake. An fara da littattafai: a 1970 aka amince da ISBN, mai alƙaluma 10, aka mai da su 13 a 2007. Cikin wannan tsari rabon Najeriya 978 ne, na Benin 99919. A 1975 aka tsayar da ISSN domin mujallu, mai alƙaluma 8, cibiyarsa tana birnin Paris. Bambancin zamanin yana bayyana a ayyuka biyu: nazarin Nicole Tersis a kan Dendancin Nijar ya fito a 1968, kafin tsarin, amma ƙamusun Petr Zima na Dendancin Jugu, na 1994, ya fito da lambarsa.

Da rubuce-rubuce suka koma intanet sai wata matsala ta ɓullo, wato mutuwar adireshi in an ƙaurar da takarda. Don haka aka kafa gidauniyar DOI, ƙungiyar Crossref ta fara aiki a 2000. Lambar DOI ba ta faɗin inda takarda take. Tana kai mai nema ga rajista, rajistar kuwa ita ke riƙe da adireshi na yanzu, kuma mawallafi ne ke gyara shi. Su ma harsuna sun sami tasu shaida a 2007, cikin tsarin ISO 639-3: Hausa hau, Zabarmanci dje, Kyanganci tye, Dendancin Kwara ddn, na Afirka ta Tsakiya deq.

Sai dai lamba ba ta tsare kanta. In hukumar da ta yi rajista ta daina kula, lamba tana nan amma ba ta kai kowa ko'ina. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, ƙananan littattafan yaƙi da jahilci da jaridun karkara, waɗanda aka buga da na'urar sitansil, galibinsu ba su taɓa samun lamba ba, ga shi kuwa su ne shaidar yadda aka rubuta harsunan ƙasa bayan taron Bamako na 1966. Takardar da babu ita cikin rajista, mai bincike ba ya ambatonta, mai tsara karatu kuma ya sake aikin da aka riga aka yi. Ya kamata ke nan a tattara waɗannan takardu na ƙasar Gaya, a ɗauki hotonsu, a ba kowace lamba tare da shaidar harshenta, sannan a ɗora wa hukuma ɗaya nauyin kula da rajistar.