David Julius: Masanin da ya bi sawun barkono har ya gano yadda jiki ke jin zafi

Hausawa suna cewa barkono yana da zafi, wuta ma tana da zafi. Binciken David Julius, masanin jijiyoyi ɗan ƙasar Amurka, ya tabbatar cewa a wurin jikin ɗan Adam, waɗannan zafi biyu ta ƙofa ɗaya suke shiga. Wannan aiki ne ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a shekarar 2021, wadda ya raba da Ardem Patapoutian.

An haifi Julius a shekarar 1955 a unguwar Brooklyn ta birnin New York. Ya yi digirin farko a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1984, sannan ya samu horo a ɗakin binciken Richard Axel a Jami'ar Columbia. Daga nan ya koma reshen Jami'ar Kalifoniya na San Francisco, inda ya yi manyan ayyukansa.

Kafin shi, masana sun san cewa sinadarin kafsaisin, wanda ke sa barkono yaji, yana tayar da jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa. Abin da ya gagara shi ne gano wurin da sinadarin ke kamawa. Julius da abokin aikinsa Michael Caterina suka tara ɗimbin ƙwayoyin gado daga jijiyoyin ji na ɓeraye, suka riƙa dasa su rukuni-rukuni cikin wasu ƙwayoyin jiki waɗanda barkono bai dame su ba, suna zuba kafsaisin suna jiran wanda zai motsa. Da rukuni ɗaya ya amsa, sai suka yi ta rarraba shi har ya rage saura ƙwayar gado guda. Sun wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1997.

Furotin ɗin da suka gano, wanda daga baya aka raɗa wa suna TRPV1, wata 'yar ƙofa ce a jikin jijiya. Kafsaisin na buɗe ta, haka ma zafin da ya haura digiri 43 a ma'aunin Salshiyos. Da zarar ta buɗe, sai saƙon ƙuna ya tafi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai cin attaruhu ke zufa alhali bakinsa bai ƙone ba. Tsuntsaye kuwa, irin tasu ƙofar ba ta jin kafsaisin, don haka suke cin barkono hankali kwance su watsa irinsa.

Dabarar Julius ita ce ya nemo abin da tsiro ko dabba ke kare kai da shi, ya bi shi har inda yake taɓa jijiya. A 2002, ta hanyar sinadarin na'ana'a mai sanyaya baki, ɗakin bincikensa ya gano TRPM8, ƙofar jin sanyi. Patapoutian ma ya gano ta a shekarar, a nasa ɓangaren. A 2010 suka nuna cewa wasu macizai masu ɗan rami tsakanin ido da hanci suna gano ɗumin jikin abin farautarsu cikin duhu ne da wata 'yar uwar waɗannan ƙofofi, TRPA1. A 2013 kuma, tare da Yifan Cheng, suka fitar da cikakkiyar surar TRPV1 ta hanyar daskarar da furotin ɗin da ɗaukar hotonsa, aikin da ya ja masana da yawa zuwa wannan fasaha. Waɗanda ya horar, irin su Caterina da Diana Bautista da Makoto Tominaga, yanzu kowanne yana jagorantar nasa ɗakin binciken.

Inda aka fi sa rai, a nan aka fi jinkiri. Kamfanonin magunguna sun yi hanƙoron samar da maganin da zai toshe TRPV1, domin masu ciwo mai daɗewa su huta da magungunan dangin ofiyom masu sa jaraba. Amma a gwaje-gwajen farko, zafin jikin wasu da aka ba maganin ya hau, wasu kuma suka rage jin zafin abin da zai iya ƙona su, aka dakatar da wasu gwaje-gwajen. Abin da ya isa hannun likitoci shi ne kafsaisin ɗin kansa: wata filasta mai ɗauke da kashi 8 cikin ɗari na sinadarin, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2009. Ana manna ta a fata, ta tayar da jijiyoyin ciwon har su gaji su yi shiru na tsawon makonni.