Yadda Jamus Ta Haɗa Wutar Sola da Babban Layi

A shekarar 1991 Jamus ta fara aiki da dokar da ta tilasta wa kamfanonin lantarki sayen wutar da ƙananan masu samarwa ke samu daga iska da ruwa da rana. Wata sabuwar doka a 2000 ta kyautata farashin sayen, sai allunan sola suka mamaye rufin gidaje da gonaki. Nan matsala ta kunno kai. An saita na'urorin da ke haɗa allunan da layi su katse kansu da zarar bugun wutar layi ya kai hertz 50.2, kuma katsewarsu lokaci guda na iya jefa yankuna cikin duhu. A 2012 gwamnati ta ba da umarnin a sake saita dubban na'urori domin su riƙa janyewa daki-daki. Doka ta kuma faɗaɗa ikon masu kula da layi na rage wutar sola daga nesa.