Kano Pillars: Filin wasa, kuɗi da hukunce-hukuncen da magoya baya ke jayayya a kansu

Daga shekarar 2019 zuwa 2025, sau da dama hukumar shirya gasar Firimiyar Najeriya ta yanke wa ƙungiyar Kano Pillars hukunci mai nauyi saboda hargitsi a filin wasa. A uku daga ciki an zaftare mata maki, a biyu kuma an raba ta da filinta na Ƙofar Mata. Duk lokacin da haka ta faru, muhawara kan tashi a Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari da ofisoshin Sakatariyar Audu Baƙo, ta kai har teburan masu shayi na Kwanar Dangora da Tudun Wada. Wasu su ɗora laifi a kan alƙalan wasa, wasu a kan gwamnati, wasu a kan 'yan kallo. Wanda ya bi tarihin zai ga cewa ƙorafin fili da na kuɗi da na hukunci jijiyarsu ɗaya ce, wato ƙungiya mai ɗimbin masoya wadda ba ta mallaki filin da take wasa a ciki ba, ba ta kuma ciyar da kanta.

Asalin ƙungiyar

An kafa Kano Pillars a 1990, bayan haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Mallakar Gwamnatin Jihar Kano ce. Ta lashe gasar Firimiya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauki Kofin Ƙalubale a 2019 bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti a Kaduna. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta.

Kirarin Sai Masu Gida ba a banza ya bi ta ba. Daga 2003 zuwa watan Agustan 2015, shekara 12 ke nan, ba a doke ta a wasan Firimiya a Kano ba, sai da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2-1. Wannan tarihi abin alfahari ne, amma ya bar wani gado mai wuyar sha'ani. Yaron da ya tashi a waɗannan shekaru ya girma da tunanin cewa baƙo ba ya cin wasa a Kano, kuma ko kunnen doki aka yi, to akwai lauje cikin naɗi. Ba Kano kaɗai ke da wannan ciwo ba. An daɗe ana sukar gasar Najeriya da cewa nasara a waje abu ce mai wuyar samu, ko a Aba ko a Jos ko a Fatakwal.

Filin da ba na ƙungiya ba

Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ake ƙiyasta yana ɗaukar kimanin mutum 16,000, ya karɓi baƙuncin wasannin Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da Kofin Nahiyar Afirka a 2000, da Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Na gwamnatin jiha ne, kuma ƙwallo ɗaya ce kawai daga cikin hidimomin da ake yi a cikinsa. A nan ake gangamin siyasa da tarukan addini, a nan aka rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ranar 29 ga Mayun 2023. A 2020 an mayar da harabarsa cibiyar killace masu cutar korona, Pillars kuma ta koma buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, ba ta dawo ba sai a 2022.

Koken magoya baya a kan filin ya kasu biyu. Na farko shi ne daɗin zama: inuwa, ruwan sha, banɗaki, ingancin ciyawa, da cunkoson ƙofa a ranar babban wasa. Na biyu, wanda ba a cika ɗaga murya a kansa ba alhali shi ne ke jawo tara, shi ne tsaro. Dokokin gasar sun ɗora wa mai masauki alhakin kare alƙalai da baƙi, da hana 'yan kallo shiga fage. Wannan yana buƙatar shinge mai ƙarfi, da ƙofofin da ake ƙirga masu shiga, da hanyar da alƙali zai bi zuwa ɗakin sauya kaya ba tare da ya ratsa jama'a ba, da na'urorin ɗaukar hoto da za su nuna fuskar wanda ya yi jifa. Duk waɗannan ayyukan gini ne da sayen kaya, kuma ƙungiyar da ba ta da iko da fili ba za ta iya yin su ba sai ta jira ma'aikata da kasafin kuɗi.

Akwai kuma batun rashin madadi. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, amma a duk lokutan da aka ambata, da aka rufe Ƙofar Mata sai ƙungiyar ta bar jihar baki ɗaya. Mazauna kudancin Kano sun fi kowa ganin wannan da idonsu. Kwanar Dangora mahaɗa ce a kan titin Kano zuwa Zariya, inda hanya ke ballewa ta bi ta Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa ta nufi Jos. A shekarun da aka yi ana wasan gida a Kaduna, sannan a Abuja, ta nan motocin 'yan wasa da na magoya baya suka riƙa wucewa. Matashin Bebeji ko Kiru da ke son ƙungiyar yana ganin wucewarta, amma kallon wasanta ya fi masa wuya fiye da kallon wasan Ingila ko Sifen, wanda yake samu a gidan kallo na unguwarsu da kuɗi kaɗan. Tafiyar kanta ba ƙaramar kasada ba ce. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suka raunata 'yan wasa biyar, kuma a ƙarshen Mayun 2025 fiye da mutum 20 na tawagar Kano da ke dawowa daga Gasar Wasanni ta Ƙasa a Jihar Ogun suka rasu a haɗarin mota a kan wannan titi na Zariya zuwa Kano.

Wa ke biyan kuɗin?

Yawancin ƙungiyoyin Firimiyar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne: Enyimba ta Abiya, Rangers ta Inugu, Rivers United, Plateau United, Katsina United, El-Kanemi Warriors ta Borno. Albashi da alawus da kuɗin tafiya da masauki daga baitulmalin jiha suke fitowa, gwamna kuma shi ke naɗa shugabanni, shi ke sauke su. Haka aka naɗa Ahmed Musa, tsohon kyaftin ɗin Super Eagles, babban manajan Pillars a watan Yulin 2025, alhali yana ci gaba da buga mata wasa.

Sauran hanyoyin samun kuɗi ba su taka kara sun karya ba. Kuɗin ƙofa yana raguwa saboda masu shiga da alfarma da masu haurawa. Kuɗin haska wasa a talabijin ya yi shekaru yana tangal-tangal kafin yarjejeniyar da gasar ta ƙulla da StarTimes a 2023. Kyautar zakara ta tashi daga Naira miliyan 100 a 2023 zuwa miliyan 200 a 2025, amma ƙungiya ɗaya ce cikin 20 ke ɗauka. Sayar da 'yan wasa zuwa ƙetare shi ne ya kamata ya zama babbar riba, kuma Ahmed Musa kansa daga Kano ya tafi VVV-Venlo ta Holand a 2010. Sai dai a nan ne magoya baya suka fi tambayar inda kuɗin ke shiga, domin ba a saba wallafa lissafin shekara na ƙungiyoyin gwamnati don jama'a su gani ba.

Ra'ayi ya rabu a kan mafita. Masu goyon bayan gwamnati ta ci gaba da riƙe ƙungiyar suna cewa Pillars dukiyar al'umma ce, tana ɗebe wa matasa kewa, kuma ɗan kasuwa yana iya yar da ita ranar da ta daina yi masa amfani. Suna da hujja: Abiola Babes da Leventis United sun yi tashe a shekarun 1980 suka ɓace da masu su suka janye hannu. Masu son a sayar da hannun jari kuwa suna nuna Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ta gina filinta da makarantar horar da yara a Ikenne, ta kuma lashe gasar 2025. A Kano ma an samu Barau FC ta Sanata Barau Jibrin, wadda ta hau Firimiya a 2025. Akwai hanya ta uku da ba a cika tattaunawa ba, wato rajistar mambobi masu biyan kuɗin shekara da ke da ƙuri'a a zaɓen shugabanni, kamar yadda ake yi a Barcelona da Real Madrid da ƙungiyoyin Jamus. A Ostireliya, wasu ƙungiyoyin irin ƙwallonsu ta gida suna da mambobi fiye da 100,000 kowace. Garin da ke cika fili tun kafin la'asar ba zai rasa masu yankar kati ba, in dai sun tabbata za a nuna musu lissafi.

Hukunce-hukuncen

A watan Yunin 2019, a wasannin fitar da zakara da aka yi a filin Agege da ke Legas, an tashi 1-1 tsakanin Pillars da Rangers, magoya baya suka kutsa fage suka far wa alƙali. Kamfanin LMC, wanda ke gudanar da gasar a lokacin, ya ci ƙungiyar tarar Naira miliyan 8, ya dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12.

A watan Afrilun 2022, a wasan dawowa gida da Katsina United, an tsayar da wasa kafin lokaci ya cika, aka farfasa motar baƙi. Hukuncin shi ne tarar Naira miliyan 9, da zaftare maki uku, da komawa filin Moshood Abiola na Abuja. Bayan wata biyu, a wasa da Dakkada, shugaban ƙungiyar na lokacin ya kai wa mataimakin alƙali hannu, aka sake zaftare maki uku. A ƙarshen wannan kaka Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji tare da Katsina United da Heartland da MFM, sai a 2023 ta dawo. Har yau da yawa daga magoya baya na ganin makin nan shida ne suka kai ta ƙasa.

A watan Oktoban 2025 tarihi ya maimaita kansa. Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi, aka tashi 1-1, 'yan kallo suka shiga fage suka far wa alƙalai da baƙi. Hukumar NPFL ta ci tarar Naira miliyan 9.5, ta zaftare maki uku da ƙwallo uku, ta rufe filin, ta tura ƙungiyar filin Muhammadu Dikko na Katsina.

Yadda ake yanke irin wannan hukunci yana da muhimmanci ga mai son fahimtar ƙorafin. Hukumar gasa tana duba rahoton alƙali da na kwamishinan wasa da hotunan bidiyo, ta fitar da takardar tuhuma haɗe da hukunci, ta ba ƙungiya sa'o'i 48 ta amince ko ta nemi a saurare ta. Daga nan akwai kwamitin ladabtarwa da na ɗaukaka ƙara na Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙasa, NFF, sannan Kotun Sasanta Rikicin Wasanni da ke Lausanne a Suwizalan. Dokokin FIFA sun hana kai irin wannan ƙara kotun ƙasa. Ke nan a matakin farko mai tuhuma shi ne mai yanke hukunci, kuma ba a zama a bainar jama'a.

Zargin da aka fi ji shi ne cewa ana tsangwamar Kano, ko ƙungiyoyin Arewa. Wannan zargi ba shi da ƙarfi idan aka duba jerin waɗanda aka hukunta: an zaftare wa Remo Stars da Bayelsa United maki a 2023, an zaftare wa Bendel Insurance ta Benin a 2024, duk saboda taɓa alƙalai. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na alƙalanci. Babu na'urar VAR a gasar, kuma ko da an dakatar da alƙalin da ya yi kuskure, ba a cika bayyana wa jama'a dalili da tsawon dakatarwar yadda ake shelanta tarar ƙungiya ba. Mai kallo yana ganin an hukunta ɓangare ɗaya a fili, ɗayan kuma a ɓoye. Wannan ba ya halatta jifa ko duka, amma yana bayyana dalilin da hukuncin ba ya kwantar da zuciya.

Sai kuma tambayar wanda hukuncin ke faɗa wa. Tarar miliyoyin Naira daga asusun jiha take fita, wato daga harajin ɗan kasuwa da ma'aikaci. Rufe fili yana cutar da dubban da suka zauna lafiya a kujerunsu, da mai sayar da ruwa da rake da gurasa a bakin ƙofa, da ɗan adaidaita sahu. Wanda ya yi jifan kuwa sau da yawa yana kwana a gidansa. Ingila ta bi ta wannan hanya: bayan bala'in Heysel na 1985 an kori ƙungiyoyinta daga gasannin Turai na shekara biyar, amma abin da ya sauya filayenta shi ne kujera mai lamba ga kowane tikiti, da kyamarori, da dokar da ke ba kotu ikon haramta wa mutum ɗaya shiga fili da sunansa. Masar kuwa, bayan rasuwar mutum fiye da 70 a Port Said a watan Fabrairun 2012, ta zaɓi rufe ƙofa ga kowa, ta yi shekaru ana wasa babu 'yan kallo. Hukumar gasar Najeriya takan haɗa da umarnin a zaƙulo masu laifi a gurfanar da su, amma ba a iya zaƙulo wanda ya shiga ba tikiti, a ƙofar da ba a ƙirga kowa, a filin da na'ura ba ta ɗauki fuskarsa ba. Sayen na'urar da gyaran ƙofar kuwa suna hannun mai filin, wato Gwamnatin Jihar Kano, wadda ita ce kuma ke biyan tarar.