Ladin Cima da Zamanin Wasan Kwaikwayon Kaduna

Duk wanda ya haura shekara arba'in a nan Sabo ya san cewa kafin zuwan wayar hannu, Kaduna ce ke aiko mana da Hausa. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna. A 1977 talabijin ɗin ya koma ƙarƙashin NTA, rediyon kuma ya zama na Tarayya a 1978. Ta gajeren zango muke kamo muryoyin a nan ƙasar Yarbawa. Fuskokin kuwa, sai wanda ya je ganin gida, ko daga baya da kaset ɗin bidiyo ya shigo kasuwa.

A wannan gida aka yi su Usman Baba Pategi, wato Samanja, da Ƙasimu Yero. Mata ba su da yawa, don a lokacin mace ta fito a akwatin talabijin ba ƙaramin abin magana ba ne. Cikin 'yan ƙalilan da suka jure akwai Hajiya Ladin Cima, wadda sunan Tambaya ya bi ta har ya kusa danne nata.

Da aka fara finafinan bidiyo a Kano da Turmin Danya a 1990, harka ta sauya. Ita ba ta tsaya a baya ba, ta shiga, ta riƙa fitowa a matsayin uwa ko kaka. 'Ya'yanmu da aka haifa nan, waɗanda Yarbanci ya fi zama a bakinsu, daga irin su suka ji yadda dattijuwar Bahaushiya ke gaisuwa, da yin faɗa, da rarrashi, da jefa karin magana.

A Fabrairun 2022 ta yi hira da BBC Hausa a shirin Daga Bakin Mai Ita. Ta ce abin da ake ba ta a fim naira dubu 2 ne zuwa dubu 5. Magana ta tashi. Wasu masu shirya fim suka ce sun biya ta fiye da haka, wasu suka mara mata baya. Ko ma dai yaya ne, abu ɗaya ya fito fili: sana'ar ba ta da fansho. Ranar da aka kira ka ka samu, ranar da ba a kira ka ba, sai haƙuri. Mu 'yan kasuwa mun san wannan zama.

Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Saratu Giɗaɗo, wato Daso, a 2024. Allah Ya jiƙan su. Waɗanda suka rage, ya kamata ƙungiyoyinmu na nan su tuna da su tun suna raye, ba sai ranar ta'aziyya ba. Sun tsare mana harshe a inda ba mu da makarantar koyar da shi.