TARBIYYA A GIDAN SHEHU USMAN ƊAN FODIYO

Ya ku 'yan makaranta, kun sha jin labarin jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo, da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, da cin Alƙalawa a 1808. Amma yau ba zancen dawaki da masu za mu yi ba. Gidan Shehu za mu leƙa, mu ga yadda aka yi renon mutanen da suka riƙe ƙasa bayan ƙura ta lafa. Gama cin gari aikin yini ɗaya ne, gyaran halin yaro kuwa aikin shekaru ne.

An haifi Shehu a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a 1754, ya kuma tashi a Degel. Gidansu gidan malamai ne kaka da kakanni. Wajen mahaifinsa, Muhammadu Fodiyo, ya karanta Alƙur'ani. Daga nan ya bi malamai da dama, cikinsu har da wani ɗan'uwan iyayensa, Usman Binduri. Ƙanensa Abdullahi ya ba da labari cewa Shehu ya zauna da wannan malami wajen shekara biyu, yana koyi da shi cikin halinsa da ayyukansa, da yadda ya ke horo da alheri, ya ke hani ga mugunta. Ku lura da wannan da kyau. Littafi kam ya karanta, amma hali da ido ya ɗauke shi.

Da Shehu ya zama mai gida, sai ya bi wannan hanya. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran Sallar Layya, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar nasa rabo. Maimakon dukiya ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Sarki ya yarda. Sa'an nan ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, yana yaro ƙarami. To, yaron da ya tashi a gidan da aka mayar da kyautar sarki domin a saki ɗaurarru, wane dogon wa'azi ya ke bukata kan kwaɗayi?

Har wa yau, gidan nan bai ware 'ya'ya mata daga karatu ba. Cikin littafinsa Nurul Albabi, Shehu ya zargi malaman da ke koyar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Abin da ya faɗa kuwa shi ya aikata. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa wajen 1793, ta yi ilmi mai zurfi, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Tana da shekara goma da 'yan kai aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da gudu da mutuwa da idonta. Da ta girma ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ba ta kwanta cikin daula ba. Ta kafa ƙungiyar mata masu neman ilmi, watau 'Yan Taru, ta naɗa musu shugabanni da a ke kira jaji, kowace da malfarta. Su ke kai karatu ƙauyuka ta hanyar waƙoƙi masu sauƙin haddacewa. Ta rasu a 1864, amma aikin bai mutu da ita ba.

Kada ku zaci gidan malamai ba ya gamuwa da jarraba. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Aka yi wa Bello mubaya'a, alhali kuwa ga baffansa Abdullahi, wanda ya girme shi, ya kuma yi shekaru yana Wazirin Shehu. Masu tarihi sun ce da Abdullahi ya iso Sakkwato, sai ya tarad da ƙofa a rufe, ya juya. Zumunci ya yi sanyi 'yan shekaru. A gidajen sarauta da yawa irin wannan ta kan kai ga zub da jini.

Amma ku ji yadda ta ƙare. Wajen 1820 mutanen Kalambaina suka tayar wa Abdullahi, abin ya yi masa nauyi. Bello bai ce Allah ya ƙara ba, sai ya ɗaura sirdi ya kai masa gudummawa. An ce da suka haɗu bayan an ci garin, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Yaro ya tuna da haƙƙin babba, babba ya danne zuciyarsa domin zaman lafiyar jama'a. Wannan zaɓe ba ran nan suka koye shi ba. Tun a Degel aka shuka shi.

To, samari da 'yan mata, ko a makarantar gwamnati ku ke, ko ta mishan, darasin ɗaya ne. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku zaɓi wanda za ku yi koyi da shi, kamar yadda Shehu ya lazimci Binduri. Ku kuma sani akwai ƙannenku a gida da ke kallonku, abin da suka ga kun yi shi za su yi. Ranar da za a miƙo muku abin da ba halalinku ba, ko ranar da ɗan'uwa zai ɓata muku rai, ba za a ba ku lokacin buɗe littafi ba. Halin da kuka saba da shi tun yau, shi zai amsa.

Allah ya shirye mu, ya shirya mana zuriya, amin.